Yadda ake gina gadar katako mai rufi a hanyar ƙafa ta lambu ko wurin shaƙatawa

Tun da muka gama ƙaramar gadar katako mai rufin kwano a wani lambun mangwaro da ke gefen Argungu, inda mai lambun ya fitar da hanyar ƙafa don masu zuwa shan iska, tambayoyi ba su yanke ba. Wani daga Zuru yana da ƙorama a bayan makarantarsa, wani daga Yawuri yana son irinta a wurin hutawar da yake ginawa. Tambayar kusan iri ɗaya ce: wane katako za a saya, me za ta ci, daga ina ake farawa?

Ga amsar a jere, yadda aikin yake tafiya. Misalin da zan bi shi ne gada mai tsawon mita 6 daga mazauni zuwa mazauni, wato ginin kankaren da kowane bakinta ke zama a kai, faɗinta mita 1.8, ta masu tafiya a ƙasa da masu keken guragu. Kadarko ne na ƙetare ƙorama ko kwari. Wanda ke tunanin Gulbin Rima ko Gulbin Ka, wannan bayanin ba nasa ba ne.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan: rufin nan ba ado ba ne, kuma ba don inuwar mutane aka fara yin sa ba. Don katakon aka yi shi. Katakon da ruwa ke duka rana na gasawa, bai cika wuce shekara 10 zuwa 20 ba. Wanda aka rufe ya zauna a bushe kuwa, akwai irinsa a Amurka da Turai da suka haura shekara 100 ana taka su. Duk matakan da ke tafe, maganarsu ita ce raba katako da ruwa, da raba shi da ƙasa inda gara take.

1. Fara da damina, ba da kasuwar katako ba

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a auna ƙorama a watan Maris, lokacin da ta ƙafe yara na wasa a cikinta. Ƙoramar da za ka auna ita ce ta watan Agusta. Je ka tsaya a bakinta washegarin ruwa mai ƙarfi, ka kafa turke a inda ruwan ya tsaya, ka ɗauki hoto. Ka yi haka sau uku ko huɗu kafin damina ta ɗauke.

Ko hakan ma bai isa ba, don damina ba ɗaya ba ce. Nemi dattijon da ya daɗe yana noma ko su a wurin. Mu wani tsohon masunci ne ya cece mu. Na nuna masa turkena ina jin na gama aiki, sai ya girgiza kai, ya ja ni zuwa gindin wata giyayya, ya ɗaga sandarsa sama da kaina ya nuna wani tsohon tsumma da busasshiyar ciyawa da suka maƙale a reshe. Ya ce, “Ɗana, wanga naka na bara na. Na shekarad da ruwa yac ci shinkahwa, ga shi can bisa.” Ambaliyar 2020 yake nufi, wadda ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi. Na ce, “Baba, Allah ya saka da alheri,” na koma na sake lissafi daga farko. Da na bi turkena, da gadar ta zauna a cikin ruwa.

Ƙasan gadar ya ɗara wannan alama mafi tsawo da aƙalla santimita 60. Inda ruwa ke kawo kututture da rassa, a kai shi mita 1.

Wurin da za ka zaɓa ya zama inda ƙoramar ta miƙe, gaɓa biyun suna da tauri kuma tsayinsu kusan ɗaya. Kauce wa kwana, domin ruwa na cin gaɓar waje kowace shekara. Mazaunin gada kuma ba a kan leɓen gaɓa yake zama ba, ana ja da shi baya mita 1 zuwa 1.5. Ke nan gadar mita 6 ta ƙorama ce mai faɗin mita 3 zuwa 4.

Gargaɗi: idan wurin mashaya ne ko burtali ya bi ta nan, kada ka tare shi. Matsa sama ko ƙasa, ka bar wa dabbobi hanyarsu. In ba haka ba, ko dai rigima ta tashi, ko a wayi gari garken shanu na kan gadar da aka yi don mutane.

2. Izini da zane

Sanar da hakimi da uban ƙasa, da maƙwabtan da ruwan ke ratsa gonakinsu. A cikin gari, nemi amincewar hukumar tsara birane. Idan magudanar ta aikin noman rani ce ta gwamnati, hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ke da ta cewa.

Sannan ka kai awonka wurin injiniyan gine-gine mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zana, ko ya duba zanen kafintanka ya sa hannu. Na san mutane na ƙyashin wannan kuɗin, amma duba lissafin. Ana tsara gadar ƙafa ne a kan kusan kilo 500 a kowace murabba'in mita. Tamu mita 6 sau 1.8 ce, wato murabba'i 10.8, nauyin ya kama kilo 5,400. Mutum sama da 70 ke nan a lokaci guda. Kada ka ce ba za a taru haka ba. Ranar yawon Sallah, ko ruwa ya tsuge kowa ya ruga ƙarƙashin rufin, za a taru. Girman katakan da zan ambata misali ne na itace mai ƙarfi, injiniya ne zai tabbatar da su bisa katakon da ka samu.

Tsarin da ya dace da wannan tsawon shi ne mai ginshiƙin tsakiya. A kowane gefe akwai dogon katako kwance, ginshiƙi tsaye a tsakiyarsa, da matokarai biyu da suka taso daga ƙarshensa suka tokare ginshiƙin, kamar alwatika. Amfaninsa a wurinmu babba ne: yana raba mita 6 gida biyu, mita 3 kowanne, kuma katakon kasuwa mai ƙafa 12 yana rufe mita 3 har da saura.

3. Zaɓen katako da busar da shi

Nan ne ake cin mutane, don haka zan daɗe a kai.

Don sassan da ke ɗaukar nauyi, nemi loko, kawo, ko madaci. Idan dillalinka na kawo kaya daga kudu, tambaye shi opepe ko ekki. Ekki yana da nauyi da taurin da ke dakushe zarto, amma da wuya ka samu wanda ya fi shi jure ruwa. Ƙirya gara ba ta son ta, sai dai samun doguwa miƙaƙƙiya aiki ne, don haka ta fi kyau a gajerun wurare kamar matashin da gadar za ta zauna a kai. Azarar giginya ma gara na shakkar ta, amma tana tsagewa in an buga mata ƙusa ko an huda ta, ban yarda a sa ta a ƙashin gada ba. Farin katako irin obeche da afara, na silin ne da allon zuba kankare. Maje ma kada ya shiga. Madobiya kuwa tana ƙarƙashin dokar kariya ta duniya saboda yadda aka kusa ƙarar da ita, a bar ta. Idan bishiya za ka sare da kanka, sai da takardar ma'aikatar gandun daji.

Je rumfar da kanka, da tef a aljihu. Abin da ake kira 2x6 a kasuwa, wato kauri inci 2 faɗi inci 6, sau da yawa bai kai ba, ƙafa 12 ɗin ma kan gaza. Ɗaga kowane katako ka sa ido a bakinsa ka hango tsawonsa, mai murɗiya ka ajiye shi. Ka ƙi mai babban ƙulli a tsakiya, da mai ƙananan ramuka da gari ke zuba, da mai farin gefe da yawa. Jan cikin itace ne ke da ƙarko, farin gefen abincin ƙwari ne ko da na loko ne. Ni an taɓa cusa mini maje guda shida a tsakiyar lodin madaci, an shafa musu jar ƙasa. Sai da aka sauke, yaro ya ɗaga ɗaya da hannu guda, na gane. Tun daga ranar ba a loda mini katako ba na tsaye.

Ga abin da gadar misalinmu ke ci, duka masu ƙafa 12:

Dogayen katakan ƙasa, 4x8 guda 4, bibbiyu a kowane gefe. Idan za a yanko maka mai ƙafa 22 ɗungurungum, ɗauki guda 2, ya fi.
Ginshiƙai da matokarai, 4x6 guda 10.
Katakan gicciye da ke ɗauke da daɓe, 6x8 guda 3.
Katakan da ke bin tsawon gada a ƙarƙashin daɓe, 2x8 guda 10.
Daɓe, 2x6 guda 24, kowanne a raba shi biyu.
Sai 3x6 guda 6 na saman ginshiƙai, da 2x4 da 2x3 na rufi, da 1x12 na rufe gefe.

Sayi katakon a Oktoba ko Nuwamba. Jera shi a inuwa, a kan bulo, tsayin gwiwa daga ƙasa, da 'yan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Shafa fenti mai kauri a bakin kowane katako, ka ɗora nauyi a saman jerin. Hunturu na busar da katako da sauri, saurin ma ya yi yawa, shi ya sa wanda aka yasar a rana yake darewa. Ba shi aƙalla wata uku. Masu kauri ba za su bushe har ciki ba a wannan lokacin, za su ci gaba da tsukewa bayan an haɗa, kuma za mu koma kan haka a mataki na ƙarshe.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Diga, shebur, baro, kwanon sarki, igiya, tef, lebur, sukwaya, zarto, guduma, sifana, injin huji mai dogon baki na milimita 16, da farin tiyo mai tsawon mita 15 don daidaita tsayi. In babu wuta a wurin, haɗa da hayar janareta da mansa.

Bayan katako, ga manyan kayan da za ka kai wa 'yan kasuwa su ba ka farashin ranar: siminti kusan buhu 40, yashi mai kaushi da tsakuwa, rodi mai milimita 12, duwatsun jera gaɓa, noti da dogayen ƙusoshinsa na milimita 16 da faffaɗan washa, farantan ƙarfe masu kaurin milimita 6, langa-langa, kwano bandir biyu, da maganin katako. Sai ladan birkila, kafinta, mai walda da leburori.

Katako da kuɗin motarsa su ne kaso mafi girma, harsashi na bi musu. Abin da mutane ke mantawa shi ne jigila daga bakin titi zuwa bakin ƙorama, da ruwan aiki idan ƙoramar ta ƙafe, da mai gadi. Bayan ka tara jimla, ƙara kashi 15 cikin 100 ka ajiye gefe. Kafinta kuma a yi jinga da shi mataki-mataki, kada a biya na gaba sai an duba na baya. Idan kuɗi ya gaza, rage ado, rage fenti, ko ka jira wata shekara. Kada ka rage a harsashi, kada ka ce rufin sai daga baya.

5. Harsashi da mazauni

Janairu zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Kafa turaku, ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, ka daidaita kusurwa da awon 3, 4, 5, wato gefe ɗaya mita 3, ɗayan mita 4, gicciyensu ya zo mita 5. Auna gicciye biyun, in sun zo daidai, awonka ya zauna.

Tona har sai ka wuce zurfin gindin ƙoramar kuma ka taɓa ƙasa mai tauri. Kada ya gaza mita 1.2. Baƙar lakar fadama, wadda ke darewa da rani ta kumbura da damina, ba a ɗora gini a kanta. A ratsa ta, ko injiniya ya faɗaɗa tushen. Ramin da ya wuce ƙugu a cikin yashi yana rufta wa mutum ba sallama, a tokare bangonsa da alluna ko a kwantar da bakinsa.

Zuba tushe mai tsawon mita 2.6, faɗi mita 1, kauri santimita 30, da ragar rodi a ciki. A kansa a tayar da bangon kankare mai kaurin santimita 60 har zuwa tsayin da ka ƙayyade a mataki na farko. Kwaɓin 1:2:4 ne, wato buhun siminti ɗaya, wanda kwano biyu ne, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Leburori na son tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin zubawa, ka tsaya a kansu. A caccaka da rodi don kada a bar kogo. Bulo mai rami ba ya wannan aikin.

Tun kankaren na ɗanye za a yi abubuwa uku. A dasa dogayen ƙusoshin noti, bibbiyu a kowace kusurwa, waɗanda za su ɗaure gadar da mazauninta. A ratsa bangon da guntayen bututun roba don ruwan da ya taru a bayansa ya samu mafita. A kuma ɗan karkatar da saman mazaunin zuwa wajen ƙorama, don ruwa kada ya kwanta a gindin katako.

Tsayin mazaunan biyu sai ya zo ɗaya. Cika tiyon da ruwa, mutum ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan, inda ruwan ya tsaya a bakin biyun tsayi ɗaya ne. Ka tabbata babu kumfar iska a ciki.

A lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 ko fiye. Kankare na kai cikakken ƙarfinsa ne a kwana 28. In aikin ya kai ka Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Kebbi ke haura digiri 40, a yi zubi da asuba.

6. Yanka, huji da magani

Yayin da kankare ke shan ruwa, kafinta na aikinsa a fili mai lebur. A shimfiɗa kowane gefe a ƙasa, a haɗa shi gaba ɗaya kamar an gama, sannan a sa wa kowane katako lamba a warware.

Ginshiƙan su kai mita 2.4 daga daɓe, matokaran su same su a mita 1.5. Idan dogon katakon ƙasa biyu ne aka haɗa, mahaɗar ta zo a gindin ginshiƙin tsakiya, a matse ta da farantin ƙarfe ciki da waje, noti huɗu a kowane ɓangare. A ɗan ɗaga tsakiyar santimita 2 zuwa 3, domin gada na zama bayan ta ɗauki nauyi.

Wurin da ya fi kowanne haɗari shi ne inda gindin matokari ya sauka a kan dogon katakon ƙasa. Nan duk nauyin ke turawa waje. A sassaƙa masa gurbi mai zurfin santimita 3 zuwa 4 ya zauna daram, a bar aƙalla santimita 30 na lafiyayyen katako a bayan gurbin, sannan a ɗaure da noti. Na ga inda aka datse wannan saura don wai ya yi kyan gani. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe wurin nan.

Sai an gama duk yanka da huji ake sa magani, domin duk inda zarto ya bi bayan magani, ƙofa ce aka buɗe wa gara. A shafa Solignum ko makamancinsa sau biyu ko uku, a ɗura a ramukan noti, a tsoma bakunan katako a cikin rabin duro su kwana. Mai shafawa ya sa safar hannu da takunkumi.

Gargaɗi: wannan aikin a yi shi nesa da ruwa, a kan leda. Kada a wanke goga ko duro a ƙorama. Baƙin mai da wasu ke shafawa yana sa daɓe santsi, yana ɗiga cikin ruwa, yana kuma kama wuta. Gamalin kuwa guba ce da ke kashe kifi, kuma a ƙasar da su ke ciyar da gidaje, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Guntayen katakon da ya sha magani kada su shiga murhu ko wutar mai tsire.

7. Ɗora ƙashin gadar

A kafa dandamalin wucin gadi a cikin busasshiyar ƙoramar. A kan kowane mazauni a shimfiɗa fallen ƙarfe wanda bakinsa ya ɗan zarce ya lanƙwaso ƙasa, a ɗora guntun roba mai kauri, sannan matashin ƙirya. Katako kada ya taɓa kankare kai tsaye, kada ya taɓa ƙasa ko kaɗan. Fallen ba ya kashe gara, amma yana tilasta mata ta gina hanyarta a fili inda ido zai gani. Tsakanin bakin katako da bangon baya a bar yatsa uku, iska ta riƙa wucewa.

A jera dogayen katakan ƙasa, a tayar da ginshiƙai, a sa matokarai. Gefen da aka tayar a ɗaure shi da igiya ta ɓangare biyu har sai an haɗa shi da ɗan'uwansa. Katakon gicciye na tsakiya ana rataye shi ne a gindin ginshiƙan da ƙarfe. A bar shi da tsawonsa ya leƙo waje ta kowane gefe, a tokare ginshiƙin daga wannan leƙen, shi ke hana gadar rangaji. A ƙarƙashi a gicciya rodi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a kowane rabi, a ɗaure su tam. Kowane noti da washarsa, in ba haka ba kansa zai nutse cikin katako. Wanda aka yi wa rufin hana tsatsa ya fi, in babu a shafe shi da jan fenti kafin a sa.

Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashi lokacin ɗagawa, kuma a kori yara daga wurin gaba ɗaya.

8. Daɓe da shinge

Katakan 2x8 layi biyar, tazarar santimita 45. A kansu a jera 2x6 a gicciye, a bar tsakani kamar kaurin fensir don ruwa da yashi su zube. Itace mai tauri sai an fara huda shi kafin ƙusa. Kada a goge daɓen ya yi sulɓi, kada a shafa masa fenti mai sheƙi.

Shinge ya kai mita 1.1. A rufe shi daga waje da alluna a tsaye, su sauko su wuce dogon katakon ƙasa da ɗan yatsa, ruwan da iska ta watso ya ɗiga ƙasa bai taɓa shi ba. In sanduna za a jera ta ciki, tazararsu kada ta kai santimita 10, kan yaro kada ya shiga. Daga shinge zuwa rufi a bar shi buɗe. Iska na busar da katako, haske na shiga, kuma na waje na ganin na ciki, wanda hakan ke sa mata da yara su bi ta hankali kwance.

9. Rufi

Iskar farkon damina da ke yaye kwanon makarantu da masallatai ba za ta ƙyale gada ba, ga ta a fili, iska na shiga ta ƙasa ta ɗaga. Don haka ɗaurin ya fi kwanon muhimmanci. Kowace rafta a naɗe ta da langa-langa a jikin katakon saman ginshiƙai, shi kuma a ɗaure shi da ginshiƙi da noti. A kowace kusurwar sama a sa gajeren matokari. Ɗaurin ya zama sarƙa guda daga kwano har ƙusoshin da ke cikin kankare.

Gangaren ya kai digiri 25 zuwa 30. Bakin kwanon ya zarce santimita 60 a gefe, mita 1 a mashiga biyun, domin nan ne ruwa ke fara ruɓar da gada. Da wannan awon, falle mai ƙafa 6 na rufe gangare ɗaya, kusan 14 a kowane gefe. Kwano mai kauri za ka saya, ba mai kamar takarda ba. Ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, da robarta. Kada a yi silin, jemagu da rina za su tare a ciki, kuma zai ɓoye maka yoyo.

Komai ya kammala kafin hadarin farko na Mayu. Sai an gama rufi a sassauta dandamalin a hankali, ana kallon tsakiya. A gwada ta da buhunan yashi, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan ana awo, kafin a bar mutane su hau.

10. Bakin gada da kulawa

A cike hanyar hawa da marmara ana dandaƙewa, gangaren kada ya wuce 1 cikin 12, mai keken guragu da tsoho su hau ba wahala. A jera duwatsu a gaban mazaunan, a dasa jema a gaɓa, saiwarta na riƙe ƙasa fiye da yadda ake zato. A kafa ginshiƙin ƙarfe a kowace mashiga, a bar mita 1, ya tare Keke Napep da amalanke. Babur zai iya kutsawa ta nan, shi sai allon sanarwa da mai gadi mai tsayawa a kan maganarsa.

Wuta ita ce abin da rufi ba ya karewa. Shahararriyar gadar katako mai rufi ta birnin Luzan a Suwizalan, wadda aka gina tun ƙarni na 14, gobara ce ta cinye mafi yawanta a dare ɗaya a 1993. Da kaka a share ciyawa mita 3 kewaye da gadar kafin a fara ƙunar daji, a hana mai shayi hura wuta a bakinta, fitila kuma a sa mai aiki da hasken rana.

Bayan hunturun farko, ɗauki sifana ka bi noti ɗaya bayan ɗaya. Za ka tarar da yawa sun saki, katakon ne ya ƙarasa bushewa. Daga nan sai sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Shiga ƙarƙashi da tocila da ƙusa mai tsini. Duba jikin kankare ko gara ta ja layin ƙasa, in ta ja a karya, a bi ta har gidanta. Soka ƙusar a gindin matokarai da bakunan katako, inda ta shige da sauƙi ruɓa ta fara. Kwashe yashi da ganyen mangwaro da suka taru a kan mazauni, a cire reshen da ruwa ya kawo ya maƙale, a toshe duk hujin da ka hango rana ta cikinsa a kwano. Maganin katako a sabunta shi duk shekara biyu, a watan Fabrairu, lokacin da ƙoramar ta ƙafe kuma akwai inda za a shimfiɗa leda a ƙasa.